Gaɓoɓin Haihuwa: Tsakanin Kunyar Bahaushe Da Buƙatar Sani

Kafin in shiga cikin wannan bayani, wajibi ne in nemi afuwar iyayena da malamaina da sauran masu karatu, domin batun da na ɗauko yau yana cikin waɗanda Bahaushe ya saba kewaye su, ba ya son a kama sunansu a bainar jama'a. Ni ba likita ba ne. Abin da na karanta, kuma nake karantarwa a jami'a, shi ne kimiyyar harshe. To amma wani abu da ya faru a kan idona ya tabbatar mini da cewa akwai inda aikin mai nazarin harshe da na likita suke haɗuwa, kuma idan aka yi sakaci da wannan mahaɗa, rayuka ne ke salwanta.

Shekaru kaɗan da suka wuce, wata rana da la'asar, aka bugo mini waya cewa an kawo wata ƙanwata, 'yar baffana, daga ƙauye zuwa wani asibiti a cikin birni, tana fama da matsanancin ciwon mara. Da isata sai na tarar da mijinta tsaye a bakin ƙofa riƙe da takarda, ya kafe a kan ba zai sa hannu ba. Likitar da ke bakin aiki matashiya ce mai yi wa ƙasa hidima, daga kudancin ƙasar nan ta fito, Hausarta ba ta wuce ta gaisuwa ba. Wani mai tura gadon marasa lafiya ne ya yi musu tafinta, abin da ya faɗa wa mijin kuwa shi ne, "An ce mahaifarta ta fashe, za a yi aiki a cire." Mijin ya dube ni ya ce, "Yaya, aurenmu bai cika shekara biyu ba. In aka cire mata mahaifa, me zan je in gaya wa mutanen gida?"

Na shiga na tambayi likitar da Turanci. Ashe mahaifa lafiyarta lau. Ciki ne na mako bakwai ya zauna a cikin ɗan siririn bututun da ke ɗauko ƙwai zuwa mahaifa, bututun ya tsage, jini yana ta zuba a cikin cikinta. Abin da za a cire shi ne wannan bututu guda, na ɗaya gefen kuma yana nan. Na juyo zan yi wa mijin bayani, sai na ji bakina ya yi nauyi. Ni da na shafe shekara da shekaru ina feɗe kalmomin Hausa a gaban ɗalibai, na rasa kalma ɗaya tak da zan kira wannan gaɓa da ita. Sai da na ari biro na zana masa hoto a bayan katin asibiti, sannan ya gane ya sa hannu. Allah Ya sa da sauran shan ruwa a gaba, aka yi aiki lafiya, bayan shekara biyu kuma ta haifi 'ya mace da bututun da ya rage. Amma fa gardamar nan ta cinye kusan awa guda, alhali jini yana zuba.

Tun daga ranar nake tambayar kaina: shin harshenmu ne ya gaza, ko mu ne muka gaza masa? Amsar da na samu ita ce, Hausa tana da kayan aikin da za ta bayyana halittar jikin ɗan Adam cikin ladabi da mutunci. Abin da muka rasa shi ne sunaye tsayayyu da kowa ya amince da su, da kuma niyyar koyar da su.

Kalma guda, ma'ana barkatai

Masana harshe sun daɗe da lura cewa babu al'ummar da ba ta da kalmomin da take ƙyamar furtawa, kuma kowace tana ƙirƙiro wasu masu laushi ta sakaya da su. Bahaushe gwani ne a wannan fage. A gaban surukai ba ya cewa mace ta yi ciki, sai ya ce tana da juna biyu. Idan haila ta zo, a ce tana fashin salla. Idan ta haihu, a ce ta sauka. Al'aura kuwa, ta namiji da ta mace, duk "gaba" ce. Wannan sakayawa ado ce ga harshe, alama ce ta tarbiyya, kuma ba na cikin masu kiran a yi watsi da ita. Matsala tana tasowa ne idan sakayawar ta bi mu har ɗakin likita, inda ake buƙatar a san takamaimai wace gaɓa ce ta sami matsala.

Mu ɗauki kalmar "mara". A wannan ɗan yanki da ke ƙasan cibiyar mace akwai mafitsara, akwai mahaifa, akwai ma'ajiyar ƙwai guda biyu da bututunsu, akwai ƙarshen hanji, kowanne da irin cutarsa da irin maganinsa, amma duk "ciwon mara" ne a bakinmu. Kalmar "sanyi" ma ta fi wannan ruɗani. Cutar da ake ɗauka ta hanyar saduwa sanyi ce, ƙaiƙayin da wani nau'in fumfuna ke jawowa sanyi ne, zafin fitsari sanyi ne, kumburin bututun ƙwai shi ma sanyi ne. Shi ya sa mai tallar magani a bayan mota yake ɗaga kwalba ɗaya da lasifika ya ce tana maganinsu baki ɗaya, jama'a kuma su saya, domin tunda suna ɗaya ne, ai a ganinsu cuta ɗaya ce. Alhali wasu daga cikin waɗannan cututtuka, in ba a yi musu maganin da ya dace ba, su ne ke toshe bututun ƙwai su hana haihuwa.

Ita kanta kalmar "mahaifa" fuska uku gare ta. Tana nufin gaɓar da ɗa ke kwanciya a ciki, tana nufin garin da aka haifi mutum, sannan a bakin mutane da dama tana nufin mabiyiya, wato abin da ke biyo bayan jariri a binne shi. Ta maza ma ba ta tsira ba. Akwai wata 'yar gaɓa mai girman ƙaramin goro a ƙarƙashin mafitsarar namiji, wadda ta kewaye hanyar fitsari, likitoci suna kiranta furostet. Ita ce ke kumbura idan shekaru sun ja, fitsari ya riƙa yi wa dattijo gardama. Sau nawa muka ji an fassara sankararta a kafafen yaɗa labarai da "sankarar mafitsara" ko "sankarar maraina", alhali waɗannan gaɓoɓi ne uku mabambanta?

Yadda aka tsara jikin mace

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, don haka zurfin wannan ilimi na likitoci ne. Amma bari in jarraba bayyana ginshiƙansa da Hausa, don mai karatu ya ga cewa abu ne mai yiwuwa.

Mace tana da ma'ajiyar ƙwai guda biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kowace ba ta wuce girman dabino ba. Abin mamaki shi ne, da ƙwayayenta ake haihuwar 'ya mace, kimanin miliyan 1 zuwa miliyan 2. Kafin ta balaga sun ragu zuwa kimanin dubu 300 zuwa dubu 400, kuma waɗanda za su nuna su fito a tsawon rayuwarta ba su wuce 400 zuwa 500 ba. Idan ma'ajiyar ta ƙare, galibi tsakanin shekara 45 zuwa 55, sai haila ta ɗauke. Kusa da kowace ma'ajiya akwai bakin wani siririn bututu mai tsawon santimita 10 zuwa 12, wanda ɗaya ƙarshensa ya shiga cikin mahaifa. Ita kuwa mahaifa tsoka ce mai siffar ɗan tulun da aka kife, tsawonta santimita 7 zuwa 8 ne kacal, amma tana iya buɗewa har ta ɗauki jariri da ruwansa da mabiyiyarsa. Wuyan tulun shi ne bakin mahaifa, wanda ya leƙo cikin farji. A gaban wannan hanya mafitsara take, a bayanta kuma ƙarshen hanji, tsakaninsu ba komai sai siririn bango na tsoka. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Umarnin aikin daga ƙwaƙwalwa yake fitowa. Wata 'yar gaɓa mai girman ƙwayar wake da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ita ke sako wasu sinadarai da ake kira homon a cikin jini, su je su tashi ma'ajiyar ƙwai. Yayin da ƙwai ke nuna, ita ma ma'ajiyar tana sako nata sinadaran, waɗanda ke sa bangon cikin mahaifa ya yi kauri ya cika da jini, tamkar shimfiɗar da ake yi wa baƙo. Idan baƙo bai zo ba, sai a naɗe shimfiɗar, ta zubo a matsayin jinin haila, a sake sabuwa. Wannan zagaye yakan ɗauki kwana 28 ga mata da yawa, amma daga kwana 21 zuwa 35 duk lafiya ce. Ƙwai yana fitowa ne kimanin kwana 14 kafin haila mai zuwa, kuma rayuwarsa ba ta wuce awa 12 zuwa 24 ba, yayin da ƙwayar maniyyi ke iya rayuwa har kwana 5 a jikin mace. Ke nan kwanakin da ciki ke iya shiga a kowane zagaye ba su wuce 6 ba. Wannan sani yana da amfani ga ma'auratan da ke neman haihuwa, yana kuma da amfani ga masu son ba da tazara don uwa ta huta.

A cikin bututun nan ƙwai da ƙwayar maniyyi suke haɗuwa, ba a cikin mahaifa ba. Daga nan wasu 'yan gashi-gashi da ke jikin bututun su riƙa tura sabuwar halittar sannu a hankali har ta isa mahaifa cikin kwana 3 zuwa 4, ta maƙale a bangonta bayan kimanin mako guda da haɗuwar. Idan wata cuta ta taɓa yi wa bututun tabo, halittar tana iya maƙalewa a hanya ta ci gaba da girma a can, har bututun ya tsage. Abin da ya sami ƙanwata ke nan, kuma yana faruwa a ciki 1 zuwa 2 cikin kowane 100. Duk matar da ta yi ɓatan wata, sannan ta ji ciwo mai tsanani a gefe guda na mara, ko ɗigon jini, ko jiri, asibiti za a nufa da ita nan take.

Na namiji fa?

Maraina biyu su ne masana'antar namiji. An rataye su a wajen jiki cikin jakar fata ne saboda aikinsu yana buƙatar sanyin da ya gaza zafin cikin jiki da digiri 2 zuwa 3. Saɓanin mace, namiji ba a haihuwarsa da ajiya. Daga balaga yake fara ƙera ƙwayoyin maniyyi, miliyoyi a kowace rana, kuma kowace ƙwaya tana ɗaukar kimanin kwana 70 kafin ta kammalu. Marainan ne kuma ke samar da sinadarin da ke buɗe muryar yaro ya fito masa da gemu. Idan ƙwayoyin suka kammalu, sai su bi wata jijiya su haura, su gauraya da ruwan da furostet da wasu 'yan jakunkuna biyu da ke bayan mafitsara suke samarwa.

A nan akwai abin lura babba. Mafi yawan abin da ido ke gani a maniyyi wannan ruwa ne. Ƙwayoyin da ke haifar da ciki kaso ne ɗan kaɗan, kuma ba a ganinsu sai da madubin likita. Saboda haka namiji yana iya kasancewa da cikakken kuzari, komai nasa daidai a zahiri, amma ƙwayoyin su yi ƙaranci ko ma babu su ɗungum. A ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, ana ganin ƙaranci idan ƙwayoyin suka gaza miliyan 16 a cikin mililita guda. Hangum da ya kama namiji bayan balaga ya sauka a maraina, da sanyin da ba a yi wa magani ba, da marainan da ba su sauko cikin jaka ba tun ana jariri, duk suna iya jawo haka. Ko fitsarin jini da yara maza ke yi bayan wanka a kududdufi, wanda a wasu wurare ake ɗauka alamar girma ce, tsargiya ce, cuta ce mai magani, kuma tana iya taɓa gaɓoɓin haihuwa na maza da mata.

Laifin da ake ɗora wa mace

Ga inda rashin sani yake zama zalunci. A harshenmu akwai kalmar "juya", kuma mace ake jifa da ita. Da wuya ka ji an jefi namiji da makamanciyarta. Idan aure ya shekara uku babu haihuwa, matar ce za ta sha saiwa da rubutu, ita za ta sha gori a wajen dangin miji, ita za a yi wa kishiya. Alhali a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kimanin mutum 1 cikin 6 na manya a duniya yana fuskantar matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma likitoci sun tabbatar da cewa a kusan rabin ma'auratan da ke da wannan matsala akwai hannun ɓangaren namiji, ko shi kaɗai ko tare da na matar. Gwajin namiji kuwa ya fi na mace sauƙi da araha nesa ba kusa ba. Girman kai ne kawai ke hana mu zuwa.

Haka batun haihuwar 'ya'ya mata. Kowane ɗan Adam yana ɗauke da wasu zare-zaren gado guda 46 a cikin ƙwayoyin jikinsa, waɗanda ake kira kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba. Biyu daga cikinsu su ke rarrabe jinsi, masana suka yi musu laƙabi da haruffan X da Y. Kowane ƙwan mace X yake ɗauke da shi. Ƙwayoyin namiji ne suka kasu biyu, wasu X wasu Y. Idan mai X ta riga isa, a sami mace, idan mai Y ce, a sami namiji. Wata masaniya 'yar Amurka, Nettie Stevens, tana cikin waɗanda suka fara gano wannan tun a 1905. To, magidancin da ya ɗaure wa matarsa fuska don ta jera masa 'ya'ya mata huɗu, da wa yake fushi? Abin da ya rarrabe jinsin daga jikinsa ya fito, shi ɗin ma ba shi ya zaɓa ba, kyauta ce ta Ubangiji.

Yoyon fitsari

Babu inda jahiltar tsarin jiki ya fi yi mana ɓarna kamar a ɗakin haihuwa. Kafin jariri ya fito, sai bakin mahaifa ya buɗe santimita 10, sannan kansa ya ratsa ta zoben ƙashin ƙugu. Idan zoben ya yi ƙanƙanta, saboda yarinya ba ta gama girma ba ko saboda rashin abinci mai gina jiki tun tana ƙarama, ko kuma jariri ya zo a karkace, sai kan ya cije. Mahaifa tana ta turowa, ƙashi ya hana. Siririn bangon nan da na ce mai karatu ya riƙe, wanda ke tsakanin hanyar haihuwa da mafitsara, shi ke shiga tsakanin kan jariri da ƙashi ya matse. Jini ya daina isa gare shi, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube ya bar rami. Daga nan fitsari ya riƙa zuba ba dare ba rana. Galibi kuma jaririn ba ya zuwa da rai. Wannan shi ne yoyon fitsari. Babu iska a ciki, babu sammu.

Al'adunmu biyu suna ƙara wa wutar fetur. Ta farko ita ce kunyar haihuwar fari, inda ake son yarinya ta danne naƙuda kada a ji ta, har a kwana a wuni kafin manya su farga. Ta biyu ita ce yankan gishiri, inda ungozoma ko wanzami ke sa aska a tsaga gaban mace da sunan buɗe hanya. Wanda ya san cewa mafitsara tana jingine da wurin da ake yankan, hannunsa ba zai iya ba. Ma'aikatan lafiya suna da wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: kada a bari rana ta faɗi sau biyu a kan mai naƙuda.

Wani likita ɗan ƙasar Holan, Dokta Kees Waaldijk, ya yi wa dubban mata aikin gyara a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina tun daga shekarun 1980. An kafa cibiyar Laure a asibitin Murtala da ke Kano, aka kuma buɗe wata a Danja kusa da Maraɗi a 2012. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 23 ga Mayu ta kowace shekara don yaƙi da wannan lalura. Duk da haka, ƙiyasin hukumomin Majalisar na shekarar 2023 ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu a duniya sanadin ciki da haihuwa a Nijeriya suke. Ko shakka babu, ƙarancin asibitoci da lalacewar hanyoyi da talauci su ne kan gaba wajen wannan asara, kuma alhakinsu yana wuyan hukuma. Amma jinkirin farko a cikin gida yake faruwa, lokacin da ake shawarar a tafi ko a ƙara jira, kuma wannan shawara da sani ake yanke ta.

Magabatanmu ba su yi irin wannan kunya ba

Wani zai ce ai addini da al'ada ne suka hana mu faɗar waɗannan abubuwa. Duk wanda ya zauna a zauren malam ya san ba haka ba ne. Ɗalibin da ya ɗauki Ahalari da Ishmawi da Risala ya ji malaminsa yana fassara masa da Hausa, kalma bayan kalma, bambancin maniyyi da maziyyi da wadiyyi, da kamannin kowanne da hukuncinsa. Ya ji bambancin jinin haila da na cuta da na biƙi, ya san cewa a mazhabar Malikiyya mafi tsawon haila ga mai farawa kwana 15 ne, na biƙi kuma kwana 60. Ba wanda ya taɓa kiran wannan darasi batsa. An ruwaito cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yaba wa matan Madina saboda kunya ba ta hana su tambaya a kan addininsu ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a cikin Nurul Albabi ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta tura jajis ƙauyuka suna karantar da mata.

Dabarar da malaman nan suka yi ita ce abin koyi. Da suka ga kalmomin kasuwa sun yi kaushi, na sakayawa kuma sun yi duhu, sai suka aro na Larabci: farji, azzakari, haila, maniyyi, janaba, balaga. Suka samar da wani mataki na uku na harshe, wanda ake faɗa a gaban uba da ɗa ba tare da kowa ya sunkuyar da kai ba. Abin da ya rage mana shi ne mu faɗaɗa wannan mataki ya game gaɓoɓin da ke ciki, waɗanda fiƙihu bai buƙaci ambatonsu ba.

Kada kuma mu ɗauka kalmomin likitocin Turai daga sama suka sauko. Sai a 1677 Antonie van Leeuwenhoek ya bayar da labarin ƙwayoyin maniyyi da ya gani a madubinsa, sai a 1827 Karl Ernst von Baer ya gano ƙwan dabbobi masu shayarwa. Bututun da na rasa sunansa, wani masani ɗan Italiya na ƙarni na 16, Gabriele Falloppio, ya siffanta shi, kuma da kakaki ya kamanta shi. Sunan da suke kiran mabiyiya da shi, asalinsa a harshen Latin wata irin gurasa ce mai faɗi. Wanda suke kiran bakin mahaifa da shi kuwa ma'anarsa wuya. Da abubuwan gidansu suka yi kwatance. Mu kuwa muna da ɗafa-goshin "ma-" da ke ƙera sunan wuri daga aikin da ake yi a cikinsa, kamar makaranta da majema da marina. Da shi kakanninmu suka ƙera mahaifa da mafitsara, sunayen da ke faɗa wa mai saurare aikin gaɓar tun kafin a yi masa bayani.

Abin yi

Na farko, a zauna a tsayar da kalmomi. An taɓa yin irin wannan lokacin da aka kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, kuma Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta nuna ana iyawa da ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Sassan Hausa na jami'o'inmu su haɗu da kwalejojin likitanci na Zariya da Kano da Sakkwato, da takwarorinsu na Yamai da Maraɗi da Damagaram, da malaman fiƙihu, da ungozomomi, da masu fassara na gidajen rediyo. Shawarata ita ce a keɓe "mahaifa" ga gaɓar kaɗai, a bar "mabiyiya" ga abin da ke biyo jariri, a tabbatar da "ma'ajiyar ƙwai" da "bututun ƙwai" da "bakin mahaifa". Inda ƙira ta gagara a ara, kamar yadda muka ari likita da asibiti suka zama namu.

Na biyu, a kula da sunan da za a ba darasin kansa. Ba mu manta da ƙurar da ta tashi a farkon shekarun 2000 a kan manhajar da aka fassara mana da "ilimin jima'i" ba, har aka sake mata fasali da suna a 2003 ta koma ta zaman iyali da yaƙi da cutar ƙanjamau. Iyaye suna da hujjar yin taka-tsantsan, kuma duk abin da ya saɓa wa tarbiyya a cire shi. Amma sanin inda mafitsara take da inda mahaifa take ilimin halittar jiki ne, a kira shi da sunansa. Malama ta koyar da 'yan mata, malami ya koyar da samari, a makarantun boko da na Islamiyya, kusa da babin tsarki. Da iyaye sun san mene ne bakin mahaifa da irin ƙwayar cutar da ke jawo sankararsa, da jita-jitar da ta biyo bayan fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafinta a watan Oktoba na 2023 ba ta sami gindin zama ba.

Na uku, asibitocinmu su ɗauki tafinta a matsayin aiki mai zaman kansa, wanda ake horar da mutum a kansa. Bai dace a bar maganar rai da mutuwa a bakin duk wanda ya gitta ba, komai kyawun niyyarsa.

Daga ƙarshe, kira nake ga 'yan'uwana magidanta. Mu ne ke sa hannu a takardar aiki, mu ne ke ba da izinin fita da kuɗin mota. Mijin ƙanwata ba mugu ba ne, yana son matarsa, kuma don yana sonta ne ya ƙi sa hannu. Abin da ya rasa kalma ce da hoton da ke bayanta. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, sun kuma ce matambayi ba ya ɓata. Mu riƙe kunyarmu a inda take ado, mu kuma tambayi likita da malami abin da ba mu sani ba game da jikin da aka ba mu amana.

Allah Ya sauki masu juna biyu lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya azurta masu neman haihuwa da zuriya ta gari, amin.